Wa Muke da Shi a Kolon?

Na fi shekara ashirin ina sayar da turare a Harlem, tun ina kafa tebur a bakin titin 125, ido ɗaya a kan kaya ɗaya a kan 'yan sanda, har Allah ya ba ni ɗan shago a titin 116 kusa da masallaci. A duk tsawon lokacin nan babu ranar da ban ce "kolon" ba. Mutum ya shigo ya ce yana son kolon na maza, in ɗauko, in shafa masa a bayan hannu ya sansana. Na yi aji uku a makarantar boko a Maraɗi, na san abin da ake rubutawa da Faransanci a jikin kwalbar yana nufin ruwan Kolon, amma wallahi ban taɓa tambayar kaina ko wane ne Kolon ɗin ba. Sai da ya tashi ɗauke mini 'ya na san ashe gari ne.

'Yar fari ce, don haka ko a nan ba zan kama sunanta ba. A New York aka haife ta. Tana jin Hausa sarai, amma ka yi mata magana da Hausa ta mayar maka da Turanci, sai fa ranar da take neman wani abu a wurina, to ranar Hausarta ta fi ta 'yan kasuwar Maraɗi zaƙi. Saboda haka da ta shigo shago bayan azahar riƙe da takarda, ta rusuna ta ce, "Baba, barka da kasuwa, ya jama'a?" sai na ajiye kwalbar da ke hannuna na gyara zama.

Ta ce ta samu gurbin ƙaro karatu a Jamus, shekara biyu, a kan binciken iri, yadda gero da dawa za su jure ƙarancin ruwa. Su za su ɗauki nauyinta. Kwana goma suka ba ta, ta ce eh ko a'a, in ta wuce a ba wani.

Na ce, "Madalla. Wane gari?"

Ta ce, "Kolon."

Na nuna kwalaben da ke jere a bayana. "Wannan?"

Ta yi dariya ta ce shi, daga can sunan ya fito.

Na ce, "To, wa muke da shi a can?"

Ta san tambayar. Duk wanda ya tashi a gidana ya san ta. Mu fatake ne tun kakanni, kuma a wurinmu ba a shiga gari sai da mai masauki. Shi ne mutumin da zai tare ka a tasha, ya karɓi jakarka, ya ciyar da kai kwana uku bai tambaye ka komai ba, ya nuna maka kasuwa da masallaci, ya gaya maka unguwar da ba a bi. In ka shiga rigima shi zai tsaya maka. Ni da nake maganar nan, daga Maraɗi na je Kano, daga Kano Lome, daga Lome Abijan, daga can na faɗo nan, kuma ban taɓa taka ƙasar wani gari ba tare da sunan mutum a aljihuna ba. Ba don haka ba da tuni an manta da ni.

Ta ce, "Baba, makaranta za ta ba ni ɗaki."

Na ce, "Ɗaki daban, mutum daban. Ɗaki zai kai ki asibiti? Ki saurara da kyau. In an samu namu a garin nan wanda zan damƙa ki a hannunsa, ki tafi da albarkata. In ba a samu ba, karatu bai ƙare a New York ba."

Na san abin da nake yi, kuma na san ba ni da ikon tsare ta. Shekararta ashirin da uku, fasfonta na Amurka yana jakarta, ko gobe ta ga dama ta hau jirgi. Amma ta dube ni ta ce da Turanci, ba za ta tafi ba sai na sa mata albarka, ko da gurbin zai wuce ta. Wannan magana ta yi mini daɗi a lokacin, har na gaya wa uwarta ina washe baki. Uwarta ta ce, "Alhaji, kana murna, ita kuwa ta ɗora maka kayan ne gaba ɗaya a kai."

Washegari yarinya ta soma yaƙinta. Kullum bayan la'asar sai ga ta a shago, ta zauna a kan kwalin man shafawa ta buɗe waya tana karanta mini labarin garin, wai in san inda za ta. Maƙwabcina tela, mutumin Kumasi, da ya ji muryarta sai ya bar keke ya leƙo da tef ɗin awo rataye a wuya.

Ta ce garin yana bakin wani babban kogi da ake kira Rhine, kuma ya kai shekara dubu biyu. Rumawa ne suka kafa shi. An haifi wata yarinya a wurin, ta girma ta auri sarkin Rum, sai ta roƙi mijinta ya ɗaga darajar garin da aka haife ta. Ya amince, aka zaunar da tsofaffin sojojinsa a nan aka ba su filaye. Irin wannan matsuguni na baƙi Rumawa suna kiransa Koloniya. Da zamani ya yi tsawo bakin mutane ya cinye rabin sunan, Jamusawa suka gajarta shi yadda harshensu ya ba su, Faransawa da Turawan Ingila suka ce Kolon.

Tela ya tafa hannu ya ce, "Ei, Alhaji, ai zongo ne! Baƙi suka zo suka zauna har sunan gari ya zama nasu."

Na ce, "Zangon Rumawa ne, ba namu ba. Su sarkinsu ne ya sauke su. Ita wa zai sauke ta?"

Wata ranar ta nuna mana hoton wata majami'a mai hasumiya biyu, baƙa ƙirin, ta yi tsayin da sai ka ɗaga kai hula ta faɗi. Ta ce an fi shekara ɗari shida ana gininta, domin an bar aikin a tsakiya na ɗaruruwan shekaru, har katakon da ake ɗaga duwatsu da shi ya zauna a saman hasumiyar mutane suka ɗauke shi tamkar alamar gari. Na ce tabɗi, daga yau na daina zagin maginin da ke yi mini gida a Maraɗi, ashe shi mai sauri ne. Ta ce a yaƙin duniya na biyu an yi wa garin ruwan bama-bamai har tsakiyarsa ta zama kufai, majami'ar ta sha duka amma ta tsaya, mutanen kuma suka dawo suka sake gini. Ta ce Musulmi suna da yawa, akasari Turkawa, da babban masallacinsu da mahautansu. Turaren ma, in ji ta, wani baƙo ne daga Italiya ya zauna a garin ya haɗa shi, ya sa masa sunan garin da ya karɓe shi.

Ba zan yi ƙarya ba, labarin ya shige ni. Har na soma gaya wa masu saye, ina shafa musu ina cewa wannan sunan wani gari ne a bakin kogi, kamar wanda ya taɓa zuwa. Amma in ta gama karatunta ta ɗago ido, amsata ɗaya ce: duk na ji, wa muke da shi a can?

Ni ma ban zauna ba. Kada a ce na kafa sharaɗi na naɗe hannu. Na kira ƙanena a Maraɗi, ya haɗa ni da wani dillalin motoci a Lome wanda ke sauke tsofaffin motoci daga Turai, shi kuma ya ce ai yana da mutum a Jamus, Bahaushen Damagaram, shekara goma sha biyar yana can da matarsa da 'ya'yansa, mutumin kirki mai salla. A rana ta shida na same shi a waya. Muka gaisa muka yi ta gaisawa, muka tono dangi har muka gano kakarsa da wata gwaggona sun taɓa zama unguwa ɗaya. Na ce 'yata za ta zo karatu Jamus, ina neman wanda zan ba amana. Ya ce, "Haba Alhaji, ai ta zo gida. Ɗakin yarana mata yana nan, Hajiya za ta riƙe ta kamar ita ta haife ta."

Kai, ranar ban taka ƙasa ba. Bayan sallar Juma'a na tsaya a ƙofar masallaci ina ba da labari, na ce ku dai ku bar Bahaushe, ko ƙarƙashin teku ka je sai ka tarar da namu ya riga ka. Na saya wa mutumin hula da carbi, na ware wa matarsa turaren wuta mai kyau. Da yarinya ta zo na miƙa mata lambar a kan guntun kwali na ce, "Ga mai masaukinki. Kwana shida ya ɗauke ni, ke da wayarki mai sanin komai ba ki samo ko mutum ɗaya ba."

Ta yi tsalle ta rungume ni a gaban tela, abin da na hana ta tun tana ƙarama. Sannan ta ce, "A wace unguwa yake?"

Na ce, "A Jamus."

"Baba, a wane gari?"

Na ce, "Ke, Jamus ɗin guda nawa ce? Kira shi ki ji."

Ta kira ta sa kowa yana ji. Suka gaisa da Hausarta ta neman abu. Ta tambaye shi ina yake zaune. Ya ce Hamburg. Ta ce daga nan zuwa Kolon fa? Ya ce, "To, 'yata, a jirgin ƙasa mai gudu kamar awa huɗu ne, in bai makara ba." Ashe ni ban faɗa masa sunan garin ba, shi kuma da ya ji dattijo yana ba shi amana ya ga rashin kunya ne ya tsaya tambaya. Ni a lissafina ƙasashen Turai ƙanana ne, ko'ina ka tsaya kana hango ko'ina. Bawan Allah, don ya fitar da ni kunya, har cewa ya yi ai za ta iya zama wurinsu ta riƙa sammako.

Tela ya koma shagonsa da sauri, ina jin dariyarsa ta bango. Yarinya ta kashe waya. Ta soma dariya ita ma, sai dariyar ta juye, ta zauna a kan kwalin tana share hawaye da gefen mayafi. Ta ce da Turanci saura kwana uku, kuma ta gaji. Ba ta yi mini rashin kunya ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ɗauki jakarta ta fita.

Na ji kunya irin wadda ban ji ba tun ina saurayi. Na ji haushi kuma, na rasa wanda zan sauke wa, na sauke wa wani mai kawo kaya da bai yi laifin komai ba. Da na koma gida cin abinci uwarta ta ajiye mini tuwo ta zauna a gefe ta ce, "Alhaji, faɗa mini gaskiya, me kake tsoro? Yarinyar nan tana shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa ita kaɗai tun tana shekara goma sha ɗaya."

Na ce, "Ba ɓata nake tsoro ba." Sai na faɗi abin da ban taɓa faɗa ba. Na ce mai masauki ba don tuwon kwana uku ake nemansa ba. Na wanke gawa huɗu a garin nan, duka baƙina ne ko baƙin abokaina, na san wanda ya kira iyayensu, na san wanda ya tsaya aka sallace su. In wani abu ya sami 'yata a garin da babu wanda ya san sunan ubanta, wa zai kira ni? Wa zai rufe mata ido? Uwarta ta tura mini kwanon miya kusa.

Kashegari na tafi wurin mutumin da ya sauke ni a New York. Ya tsufa yanzu, ya bar kasuwa, 'ya'yansa ke riƙe da shi, yana wuni a kan kujerar roba a gaban wani shagon Sanagalawa yana kallon masu wucewa. Na je ne ya taya ni neman wani a Kolon, domin babu ƙasar da ba shi da mutum. Na tsuguna na gaishe shi na kwashe labari na gaya masa, har da na Hamburg, ya yi dariya har ya yi tari. Ya ce ba shi da kowa a can. Ina shirin tashi sai wata tambaya ta zo mini wadda a shekara ashirin da wani abu ban taɓa yi masa ba.

Na ce, "Baba, kai wa ya sauke ka a garin nan?"

Ya ce, "Ni? Babu kowa."

Na ce, "Kamar yaya babu kowa?"

Ya ce lokacin da ya zo babu Bahaushe ko ɗaya da ya sani a nan. Ya sauka da jaka ɗaya da kalmomin Turanci da ba su kai goma ba. Kwana biyu yana yawo da jakar. A rana ta uku yana alwala da ruwan gora a gefen titin Canal wani Basanagale mai sayar da agogo ya gan shi, ya yi masa sallama, ya kai shi ɗakin da suke kwana su takwas. Ya ce, "Kai da ka zo ka tarar da katifa da shinkafa, ka ɗauka daga sama suka faɗo? Duk garin da ka shiga da suna a aljihu, akwai wanda ya shige shi ba shi da kowa. Ka bar yarinya ta tafi, Alhaji. Ka yi mata tarbiyya ko ba ka yi ba?"

Na ce na yi.

Ya ce, "To tashi ka ba ni wuri, kana tare mini rana."

Daga nan ban koma shago ba, gida na wuce. Na same ta a kicin tana yanka albasa. Na ce ta wanke hannu ta zo. Ta durƙusa, na ɗora hannu a kanta na yi mata addu'ar da ubana ya yi mini ranar da zan bar Maraɗi, na ce ta rubuta musu ta ce tana zuwa. Ta rubuta a gabana, saura kwana biyu.

Mutumin Hamburg kuwa, Allah ya saka masa da alheri, bai yarda ya sauka daga maganarsa ba. Ya ce an riga an ba shi amana, nisa ba ya warware ta. Ranar da ta isa, shi da matarsa suka yi tafiyar awa huɗun nan da kular dambu da miyar kuka, suka tare ta a tashar jirgin ƙasa ta Kolon, suka kai ta ɗakinta, matar ta share ta shimfiɗa mata gado, suka juya a ranar. Ta aiko mini hotonsu su uku a ƙofar tasha, majami'ar nan baƙa tana tsaye a bayansu, shi sanye da hular da na aika masa. Na nuna wa duk wanda ya shigo shago, har waɗanda ba su tambaya ba.

Shekara biyun ta cika ta gama. Ta ce sun ba ta aikin shekara ɗaya a wurin binciken, na ce ta yi. Shekarar ta ƙare suka ƙara mata wata. Duk wanda ya tambaye ni sai in ce ai tana dawowa, ɗan abin da ya rage ne take ƙarasawa, kuma har zuciyata haka na ɗauka.

Rannan bayan Juma'a wani direban tasi, mutumin Tawa, ya ja ni gefe. Ya ce 'yar ƙanwarsa ta samu karatun jinya a Jamus, daga Yamai za ta tashi, uwar ta hana ta tafiya sai an samu wanda za a damƙa wa. Ya ce an ce masa garin Kolon ne, kuma an ce in Kolon ne a zo wurina.

Na gyara babbar riga na ce, "An gaya maka daidai. Muna da mutum a can."

A nan ƙofar masallaci na kira ta, na sa kowa yana ji. Na yi mata bayani. Ban ƙarasa ba ta ce, "Baba, a turo ta. A ba ni ranar da za ta sauka in je in ɗauko ta. Akwai katifa, ta zauna wurina har ta samu ɗaki." Ta ce a gaya wa yarinyar kada ta sayi rigar sanyi a Yamai, ba za ta yi mata komai ba, akwai inda za ta kai ta. Ta ce ta san matar da ke ofishin takardun baƙi, ta san wani mahauci Baturke mai naman kirki, kuma a gaya wa uwar ta kwantar da hankalinta, ita za ta riƙa kiranta da kanta. Duk da Hausa ta yi maganar, ba ta neman komai a wurina. Direban ya kama hannuna da hannu biyu yana godiya, mutane suna ta sa albarka, ni kuwa na cika na batse don alfahari.

Sai da na koma shago na zauna ni kaɗai abin ya sauko mini. Na san wannan muryar, domin na taɓa yin irinta. Shekarata huɗu a Harlem jakata tana ƙarƙashin gado a ɗaure, kullum ina cewa baɗi zan koma gida. Ranar da aka fara turo mini baƙo na je na tare shi, na nuna masa inda ake sayen kaza da layin jirgin da ba a shiga, a makon nan na kwance jakar na zuba kayan a durowa, ban kuma sake ɗaure ta ba. Mutum ba ya saukar da baƙo a garin da yake shirin bari. Ina alfahari da ita, wallahi ina yi, kuma a zaunen nan na yi kuka kamar yaro, har tela ya leƙo ya koma.

Da na isa gida na tarar da uwarta tana canza zanen gadon ɗakinta, kamar yadda take yi duk mako tun ranar da ta tafi. Na tsaya a bakin ƙofa na ce, "Hajiya, bari wannan. Ki ce wa ƙanwarta ta kwaso kayanta ta dawo ɗakin."